Matakala Bakwai

Abin da ya fi ci wa Magini rai shi ne da hannunsa ya gina matakalar nan. Da wani ne ya yi aikin, da ya samu wanda zai zaga ya huce. Amma shi ya ja igiya, shi ya jera bulo, shi ya shafe siminti har ya yi sumul, matakala bakwai daga ƙasa zuwa ƙofar sabuwar coci. Duk baƙon da ya zo sai ya yaba, a ce kai, Magini ya iya aiki. Uwar da ta haife shi kuwa wata biyar ke nan ba ta shiga cocin ba.

Kuma tun ran gini ran zane, ya faɗa musu. Ya ce a bar gefe guda a yi shi a kwance, saboda tsofaffi da masu dogara sanda. Shugaban dattawan coci ne ya hana. Hedimasta ake ce masa, don ya yi shugabancin makaranta, kuma ko da yake ya bar aikin shekara goma, har yau in yana magana sai ka ji kamar zai ce ka miƙo hannu. Shi ya zauna ya tsara wa ikilisiya manufofi bakwai, ya ce kowace manufa da matakalarta. Aka kawo mai fenti ya rubuta su da ja: Sujada, Addu'a, Koyarwa, Bishara, Zumunci, Hidima, sai Ƙauna can sama daf da ƙofa. Wai duk wanda zai shiga sai ya tuna dalilin da ya sa aka kafa cocin. Ran buɗewa aka yi addu'a a kan kowace matakala, aka tafa, Hedimasta har da share hawaye.

Wata biyu bayan haka Mama ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Matar nan shekara talatin tana sharar coci ba wanda ya sa ta. Tun ana sujada a rumfar kwano take zuwa ran Asabar da tsintsiyarta, ta goge bencina, ta kori ƙadangaru, ta yi wa kowa faɗa a kan ɓawon lemo. Da aka sallamo ta daga asibiti a keken guragu, Lahadin farko ta ce a kai ta. Maza huɗu suka kama keken suka ɗaga. A matakala ta biyar ƙafar ɗaya ta goce, keke ya karkace, zaninta ya zame har gwiwa, ɗankwali ya faɗi. Ta maƙale wuyan wani da hannunta mai lafiya, wata mata ta ƙwalla ihu, yara suka yi dariya. Haka ta zauna har aka tashi daga sujada.

Sai da suka koma gida ta kira ɗanta.

"Ka ji ni da kyau. Ni ba buhu ba ce. Ba wanda zai ƙara ɗaga ni sama a gaban jama'a."

"Mama, kuskure ne. Mako mai zuwa ni da kaina zan…"

"Na ce ba wanda zai ƙara."

Fasto ya zo gida da ƙaramin akwatinsa zai ba ta Jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke ci tare a coci, a ɗaki. Mutumin kirki ne, mai sanyin murya, sai dai tsoron dattawa ya yi masa yawa. Mama ta sa aka ba shi kujera da ruwa, suka yi addu'a, amma akwatin ba ta bari an buɗe ba. Ta ce, "Fasto, jibi na 'yan gida ne, tare ake ci. Ba a miƙo wa mutum nasa ta taga." Tun daga nan duk Lahadi sai ta yi wanka, surukarta ta ɗaura mata zani, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon masu tafiya coci. Magini ya kan wuce ta da kansa a ƙasa, kunya da haushi suna cinsa.

Sau uku yana rubuta wa dattawa takarda. Ta farko aka ce an gani. Ta biyu aka ce ana addu'a a kai. A ta uku ne aka kira shi ɗakin taro bayan sujada, saura mako guda a yi jibi.

Dattawa shida ne a kan kujerun roba, Fasto a gefe yana wasa da biro. Hedimasta ya gyara tabarau ya yi murmushi irin na wanda ya zo da albishir.

"Ɗana, mun duba kokenka cikin ƙauna. Matakalar nan an keɓe ta da addu'a, ba abin taɓawa ba ce. Amma ikilisiya ba ta manta da mahaifiyarka ba. Za a kafa rumfa a jikin bango ta waje, a sa lasifika. Duk masu larura su zauna a nan, ba kalma ɗaya da za ta wuce su."

Magini ya ɗauka kunnensa ne bai ji daidai ba.

"A waje, Baba?"

"A inuwa. Wuri mai iska."

"Inda ake ajiye babura?"

"Za a matsar da baburan," in ji wani dattijo, kamar ya yi babbar kyauta.

Magini ya so ya yi shiru, don dai mutanen nan sa'o'in ubansa ne, amma tura ta kai bango.

"Baba, ina da tambaya. Bara kun tura mu ƙauyuka uku wa'azi. Mun kwana a ƙasa, muna roƙon mutanen da ba su san mu ba su zo coci. To in sun zo da gurgu fa? Mu ce masa ga lasifika? Matar da ta share muku wurin nan shekara talatin ba ku iya shigar da ita ba, wa kuke nema a ƙauye?"

"Ka iya bakinka," in ji Hedimasta.

"Na iya shi wata biyar. Me ya tsinana min? Kwana biyu aikin nan zai ɗauke ni. Siminti nawa, yashi nawa, ƙarfi nawa. Izini kawai nake nema."

"Za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba."

"Uwata shekararta saba'in da huɗu. Ku tambayi kwamitin ko zai jira ta."

Hedimasta ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce haƙuri ma ibada ce, ya ce coci ba ta tafiya da zafin kai, ya ce a rufe da addu'a. Suka sunkuyar da kai su duka. Magini bai rufe ido ba, yana tsaye yana kallon sanƙon mutum shida har aka ce amin.

Ran Litinin da hantsi ya zo da babbar guduma, da baro, da buhu huɗu na siminti. Bai zo a ɓoye ba, ta babban titi ya biyo, yana amsa gaisuwa. Ya auna taku huɗu daga gefen hagu, ya ja layi da alli tun daga Sujada har Ƙauna. Ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗaga gudumar.

Aikinsa ne, ya san ƙarfinsa. Bai yi ha'inci ba ran da ya gina, saboda haka bai fashe da sauƙi ba. Kowane bugu sai ya ji shi har haƙora. Ya riƙa dukan yana zagin kansa, shi da ya san daidai amma ya bi umarni don a ce masa yaron kirki. Jan fenti ya riƙa tashi da ɓaraguzai yana faɗawa cikin baro.

Fasto ya fito daga gidansa da ke bayan coci, ya tsaya nesa kaɗan, hannu a aljihu.

"Ɗan'uwa, ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani."

Fasto ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya. "To ni dai ban gan ka ba."

Magini ya sauke gudumar. Wannan maganar ta fi ta Hedimasta ƙona shi.

"Ka gan ni, Fasto. Ga ni, ga guduma, ga rana. Ciwon cocin nan ke nan, kowa bai gani ba. Ka je ka faɗa musu ka gan ni."

Fasto ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya koma gida.

Kafin yammacin Talata hanya ta kwanta. Ta taso daga tsakar fili, ta bi jikin bango a hankali, ta sauka daidai bakin ƙofa. Ya ja mata ƙananan layuka da cokalin gini don kada taya ta zame, ya rufe ta da buhunan siminti, safe da yamma yana zuwa yana ba ta ruwa. Rabin kowane rubutu ya tafi juji.

Ran Alhamis takarda ta iso gida. Saboda ya ɓata abin da aka keɓe, ya kuma raina dattawa, an sa shi ƙarƙashin horo na wata shida. Zai zauna a bencin baya, wanda ake ajiye wa masu laifi, kuma ba zai ci jibi ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa matarsa kada Mama ta ji. Kafin ya fito daga wanka Mama ta ji.

"Zo nan, mai guduma," ta ce, bakinta a ɗan karkace amma maganar sarai. "Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Ubanka har ya mutu bai taɓa zama a bencin nan ba. Kai ka je ka jawo mana. Da girmanka, da 'ya'yanka, a kira sunanka a gaban coci kamar wanda ya saci akuya."

Ransa ya ɓaci sosai. Hannunsa duk kanta, bayansa kamar an yi masa duka, abin da zai samu ke nan.

"To shi ke nan, Mama. Kada ki je. Su cinye matakalarsu."

"Wa ya ce maka ba zan je ba?" Ta juya wajen surukarta. "Ke, ɗauko min farin zanen nan ki goge."

Ran Lahadi ya tura ta tun daga gida. Fili ya cika, kowa yana kallon sabuwar hanyar yana yin kamar ba ita yake kallo ba. Tsofaffi mata biyu sun riga sun bi ta kai suna hira. Wata mai tsohon ciki ma ta bi. Hedimasta kuwa ya nufi abin da ya rage na matakalarsa, yana hawa ɗaya bayan ɗaya, hannu a gwiwa, yana nishi, wuyansa a sandare don kada ya dubi hagu.

Taya ta hau siminti ba ko girgiza. Magini ya ji nauyin uwarsa a hannunsa, ya ji yadda ta rame. Da suka kai bakin ƙofa ta ɗaga hannunta na dama.

"Sake ni."

Ya sake. Ta kama taya da hannu ɗaya, ta sauke ƙafarta mai lafiya tana jan ƙasa. Keken yana karkata tana gyara shi, a hankali, ta tsakiyar coci, mutane suna janye ƙafafunsu. Wani ya miƙe zai taimaka, ta harare shi ya zauna. Sai da ta kai layin gaba sannan ta tsaya.

Magini ya zauna a bencin baya shi kaɗai. Da aka zo sanarwa sakatare ya karanta laifinsa da hukuncinsa, Fasto yana kallon takalminsa. Kawuna suka juyo. Bai sunkuyar da nasa ba, don bai ji ya tuba ba ko kaɗan, kuma da za a sake gina matakalar gobe, da jibi zai dawo da gudumar.

Aka yi addu'a a kan gurasa, dattawa suka ɗauki faranti suka rarraba layuka. Layin gaba na Hedimasta ne. Ya zo gaban Mama, dole ya rusuna don farantin ya kai gare ta. Ta ɗauki gutsure da yatsu biyu. Kowa ya kai nasa baki, ita ba ta kai ba. Ta riƙe shi a tafin hannu, ta sa ƙafa tana jan ƙasa, keken yana juyawa kaɗan-kaɗan yana ƙara, har ta ba bagaden da ke gaban coci baya. Ta bi bencina da ido ɗaya bayan ɗaya zuwa na ƙarshe.

Sai da ta tabbatar ɗanta yana kallonta, sannan ta ci.