Ɗigo Uku a Jikin Inji

Oddrun tana durƙushe a cikin jirgin tana ɗaure noti na ƙarshe a jikin famfon mai, sai ta ji takun Ragnvald a kan katakon gaɓa. Ba sai ta ɗaga kai ba, shi kaɗai ne mai jan ƙafar hagu a ƙauyen.

Kwana goma sha ɗaya ke nan tana kan injin nan. Jirgin kamun kifin na mijinta ne, Eilif, kuma tun watan Nuwamba da ɓarin jikinsa ya shanye aka kai shi gidan kula da tsofaffi a cikin gari, ba wanda ya sake taɓa jirgin. Hunturu da ƙanƙarar arewacin Norway suka yi abin da suka saba, gishirin teku ya ƙarasa. Ranar da ta ɗaga murfin, ta tarar tsatsa ta cinye injin kamar ɓawon burodi. Ta kankare da burushin ƙarfe har yatsunta suka tsage, ta wanke gishirin da ruwan daɗi, ta busar, ta shafa fentin ƙasa sau biyu, sannan kore a sama.

Ba don sha'awa ta yi ba. Eilif ya daina cin abinci, sai dai ya juya fuska bango. Magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, "To," ita yake ba likita, ita yake ba ta. Ranar da ta ce masa, "Asabar ta sama za a kawo ka ka ji kukan injinka," ya cinye rabin dankali. Yau ce Asabar ɗin. Ƙarfe goma sha biyu motar gidan tsofaffin za ta iso.

"Oddrun, amarya kika yi mana ko inji?" in ji Ragnvald daga sama. Shekara hamsin suna kamun kifi gefe da gefe da Eilif, suna zagin juna. Ita ta roƙe shi ya zo ya murza mata hannun tayarwa, don injin tsohon yayi ne, da ƙarfin damtse ake tada shi.

"Sauko ka yi abin da ya kawo ka, tsohon banza."

Ya sauko da kyar, yana nishi. Ya shafa fentin da bayan yatsa, ya gyaɗa kai. Ya leƙa babban faifan ƙarfen da ke juyawa, ya leƙa famfon mai. Ya ciro tabarau ya sake leƙawa.

"Ina ɗigon?"

"Wane ɗigo?"

"Ja-ja haka. Guda uku. Ɗaya a faifai, ɗaya a jikin injin, ɗaya a kan mariƙin famfon nan."

Oddrun ta tuna. Wasu ƙananan tabo ne da suka rine suka koma ruwan ƙasa. Sun fi tsatsar taurin kai, sai da ta sa wuƙa.

"Na kankare. Na ɗauka tsatsa ce."

"Famfon fa? Ba ki dai kwance shi ba?"

"Ta yaya zan fenta bayansa ban kwance ba?"

Ragnvald ya zauna a kan akwatin ƙugiyoyi, ya cire hula ya sosa sanƙo.

"Irin wannan injin, kowanne da halinsa," ya ce. "Mai ya yi yawa kaɗan, ya shaƙe. Ya yi kaɗan, ya ƙi. Mijinki ya yi rani guda cur yana neman inda yake so, ina jin zaginsa daga jirgina. Da ya samu sai ya ɗiga alama. Jan farcenki ya sata ya yi da shi, ya ce ya fi fentin kanti riƙo."

Ta tuna kwalbar. Ta zargi ƙanwarta da ɗauka, har suka yi wata biyu ba sa gaisawa.

"Kai ba ka san wurin ba?"

"Na san na nawa injin. Wannan ko littafinsa babu, masu ƙera shi sun mutu kafin a yi bikinku."

Suka gwada duk da haka. Ragnvald ya murza, faifan ya juya, injin ya ja numfashi ya saki. Ya sake. Wari kawai na ɗanyen mai. A karo na shida ya jingina da bango yana riƙe da kafaɗa.

"Ki buga wa gidan tsofaffin ki ce hadari ya taso."

Oddrun ta dubi sama. Toka-toka ce kamar kullum, ruwan kuwa kwance lamo.

"Ba ya magana ne, Ragnvald, ba makaho ba ne. Tagarsa teku take kallo."

Motar ta iso sha biyu saura. Ma'aikaciyar gidan, wata doguwar mace mai suna Turid, ta turo keken har bakin gaɓa, ta taka birki. An naɗe Eilif da bargo biyu, hular ulun ta yi masa yawa yanzu.

"Rabin awa," in ji Turid. "Ƙirjinsa ba ya son sanyi."

"Ga mushen ya iso," in ji Ragnvald daga ƙasa. "Sun ce abinci kake ƙi. Daidai ne, dama ba ka taɓa kamo abin da za ka ci ba."

Gefen bakin Eilif mai rai ya ɗan motsa. Sannan ya sunkuyar da ido cikin jirgin. Ya daɗe yana kallon koren fentin. Oddrun ta ga idonsa ya je kan faifan, ya koma kan famfon, ya sake komawa kan faifan.

"Na goge su, Eilif," ta ce. "Ban sani ba."

"To," ya ce.

Shekara arba'in da ɗaya da aure, amma ta kasa gane wace iri ce wannan.

Ta sauka cikin jirgin, ta dafa mariƙin famfon. "Zan riƙa juyawa kaɗan-kaɗan. Kai ka saurara."

Ragnvald ya tofa yawu a tafin hannu ya murza. Shiru. Ta juya kaɗan. Ya murza. Eilif ya rufe ido, ya karkatar da kai. A karo na huɗu injin ya yi tari sau ɗaya, baƙin hayaƙi ya fito. Yatsan Eilif na hagu ya ɗago daga kan bargo. Ta ƙara kaɗan. Tari biyu. Ta ƙara. Sai tarin ya ɓace gaba ɗaya, yatsan ya koma ya kwanta.

"Kin wuce," in ji Ragnvald. Fuskarsa ta yi ja. "Bari in huta, Oddrun. Shekarata saba'in da takwas, in na faɗi a nan gado ɗaya za su ba mu ni da shi."

Eilif ya fara tari, irin mai fitowa daga can ƙasa. Turid ta duba agogo, ta duba leɓɓansa.

"Ki yi haƙuri. Har na ƙara muku minti goma."

"Asabar mai zuwa fa?"

"Sai abin da likita ya ce." Ba ta dubi Oddrun ba da ta faɗa.

Oddrun ta hau gaɓa ta gyara masa bargo. Turid ta saki birki. Sai Eilif ya cafke wuyan hannun matarsa da hannunsa mai rai. Ta ɗauka sallama ce. Amma ya murɗa hannun nata baya, kaɗan, ya tsaya. Ya mayar. Ya sake murɗawa daidai wurin, ya riƙe, yana kallon ta.

"To," ya ce.

Aka shigar da shi mota, aka ja ƙofa. Oddrun ta tsaya har motar ta haye tudu ta ɓace. Ba ta sauke hannun ba, ta riƙe shi a murɗe kamar mai ɗauke da kofi cike. A haka ta sauka cikin jirgin, ta ɗora shi a kan mariƙin, ta mayar baya gwargwadon abin da aka nuna mata.

"Sau ɗaya, Ragnvald."

"Kashe ni za ki yi."

"Sau ɗaya."

Ya tashi. Ya murza, ya murza. Injin ya yi tari, ya sake, sai ya kama. Tuk, tuk, tuk, a hankali, jirgin duka yana rawa, tsuntsayen teku suka tashi daga rufin rumfa.

Oddrun ta lalubo waya da yatsu masu mai, ta buga lambar Turid don a kara wa Eilif ya ji kukan injin. Ba ta shiga ba. Ta sake.

"Sun shiga ramin dutsen da hanya ta ratsa," in ji Ragnvald. "Waya ba ta aiki a ciki." Ya dubi tankin. "Man da ke nan bai kai kofi biyu ba, sauran duk mun zubar a gwaji. In kashe?"

"Kada ka taɓa komai."

"Ramin minti tara ne, Oddrun."

"Na sani."

Ta zauna a kan jiƙaƙƙen katako kusa da injin, ta kara wayar a jikin koren fentin, ta sake danna lambar.