Sikirit Ɗin da Mansur Ya Rubuta wa Ni'imatu

Ƙanena Mansur yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba na musu. Amma wayo? Ko na cikin cokali babu.

A shekarar 2004 shago guda muke da shi a unguwar Mursal. Ni ina bakin ƙofa da wayar kabin, wadda mutane ke biya su yi kira, da tukunyar shayi, shi yana ciki da ordinata, wato kwamfuta, yana buga wa mutane takardu. Duk Alhamis Ni'imatu take zuwa, sakatariyar ƙungiyar fataken shanu, da disket, ɗan faifan ajiye bayanai, a jakarta. A ciki akwai teburan Excel na rigakafin da aka yi wa garkuna. Tsohon injin likitan dabbobin da ake kai wa bayanan kuwa ba ya karanta Excel, sai rubutu zalla, babu layi babu launi. Suna da ordinata a ofishinsu, amma ta ce aikin rikita ta yake yi.

To sai Mansur ya buɗe shafi, ya adana shi a rubutu zalla, ya rufe, ya buɗe na gaba. Ita tana zaune a gefensa, ina kai musu shayi, ana ta hira har la'asar. Ya mutu a kanta, har mai facin taya na tsallaken titi ya sani. Bakinsa ne kawai ya ƙi buɗewa.

Rannan ya ƙwala mini kira: "Yaya Hajjo, zo ki ga abin mamaki!"

Wai sikirit ya rubuta, 'yan layukan umarni da ordinata ke bi da kanta. Ya danna maɓalli guda. Kafin in ajiye kofin hannuna ta buɗe kowane shafi, ta juye shi rubutu zalla, ta sa masa suna, ta jera su reras.

"Ma sha Allah," na ce. "To sai me?"

"Na saka wa Ni'imatu a disket ɗinta, na nuna mata. Yanzu a ofishinsu za ta yi, ba sai ta sha rana tun daga unguwar Sabangali ba."

Na dafe kai. "Wayyo ni Hajjo! Ka sallami kanka da hannunka, kana ta washe baki!"

Bai gane ba sai da Alhamis ta zo babu ita. Wata Alhamis ɗin ta sake zagayowa, shiru. Mansur ya daina cin abinci na kirki, babur ya tsaya a ƙofa sai ya miƙe zumbur. Na tausaya masa ƙwarai, amma haushinsa ma ina ji. Na ce ya tashi ya je ya gaida mahaifinta kamar kowane namiji. Kullum sai ya ce gobe.

Ana nan, wata Alhamis da hantsi sai ga ta ta sauko daga babur.

"Yaya Hajjo, ina kwana?" Ta juya wajensa tana miƙa disket. "Malam Mansur, abin nan naka ya lalace."

Nan da nan ya karɓa, ya saka, ya danna. Cikin ƙiftawar ido aiki ya kammala, babu kuskure ko ɗaya. Sakaran ya juyo da fara'arsa.

"Ai lafiyarsa ƙal…"

Na taka masa ƙafa da duk nauyin da Allah ya ba ni, kuma ba kaɗan ya ba ni ba. Ya yi ƙara, ya dube ni, sannan ya dube ta. Ita kuwa ta ƙura wa fankar sama ido tana cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce.

Sai a lokacin kan ya kawo wuta.

"Gaskiya," in ji shi yana murza ƙafa, "ya lalace ba kaɗan ba. Gyaran zai ɗauki lokaci."

Ni'imatu ta ja kujera ta zauna, ta gyara mayafi.

"Haka na gaya wa Baba," ta ce. "Shi kuma ya ce in gyaran zai yi tsawo, mai gyaran ya zo gida a gan shi."