Filtar da Injiniya Ya Wanke

Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, ko don ya fake wa ruwan sama. Tsaron sito ya yi a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Sunan a kan bencin gareji ya samo shi, inda masu motoci ke zaman jiran gyara, kuma tun da aka liƙa masa ya riƙe shi hannu bibbiyu. Har matarsa, Malama, da shi take kiransa, amma ita sai in ranta ya ɓaci.

Bencin nan kuwa majalisa ce guda. Mutum uku ne ba sa fashin zama, ko da motocinsu lafiya lau suke. Akwai Injiniya, akwai Dogo wanda ya san taya fiye da wanda ya ƙera ta, sai Mai Gilashi wanda duk abin da ya gani a waya ya zauna daram, ba gardama. Shi bakaniken garejin mutum ne mai son zaman lafiya. Wanda duk ya yi magana a ƙarshe shi ke da gaskiya a wurinsa, sai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya sulale ƙarƙashin mota.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aikin nas, ita ta saya wa uban mota don ya riƙa kai uwarta unguwa da asibiti, saboda Malama na fama da gwiwa, ga kuma asma. Akwai abin da Injiniya ba zai taɓa faɗa a majalisa ba ko za a yanka shi: duk duniya babu abin da yake so kamar ya riƙe sitiyari Malama na zaune a kujerar gefensa, tana ba shi labarin mutane, tana yi masa faɗan gudu. Tun suna da ƙuruciya haka suke tafiya. In ba ta ciki, tuƙin ma gundurarsa yake yi.

Ranar da ya kai motar gareji, majalisa ta miƙe tsaye ta kewaye ta. Dogo ya leƙa ciki, ya lalubi tsakanin kujeru, ya ɗago da fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

"Injiniya, ina birkin hannu?"

"Ga shi nan, wai wannan ɗan maɓallin ne."

"Maɓalli! Mota guda, ka damƙa amanarta ga maɓalli kamar fitilar ɗaki? Ran da batir ya mutu kana kan gangare fa?"

Mai Gilashi ya ce ya taɓa ganin irin haka a waya, bai dai tuna ƙarshen ba, amma ba kyau. Shi ke nan, magana ta ƙare. Injiniya ya sa kafinta ya sassaƙa masa waigi na katako, wanda za a riƙa tokare taya da shi. To, mai tuƙi ƙafarsa na kan birki, wa zai sauka ya sa waigin? Malama mana. Duk inda suka tsaya sai ta fito da gwiwar nan tata, ta zagaya baya, ta durƙusa.

"Malam, Auta ta ce dannawa kawai ake yi," in ji ta.

"Auta nas ce. In allura ce na bar mata."

Malama ta durƙusa ta sa waigin. Ta saba, ai ba yau aka fara ba.

Ba a daɗe ba sai tari ya fara. Da sun shiga mota ya kunna esi mai sanyaya iska, sai ta kama ƙirji, ta lalubo abin shaƙarta a jaka. Ta ce masa ƙarara, "Iskar motar nan ce ke riƙe min numfashi. Akwai wata filta a bayan ɗan akwatin nan na gabana, ita ke tace iskar da muke shaƙa. Ta tsufa, canjawa ake yi."

Injiniya ya kai maganar majalisa, amma fa bai ce daga bakin matarsa ta fito ba, kada a raina shi. Cewa ya yi ya ji ana faɗa. Dogo ya yi dariya har da dukan cinya. Filtar inji dai an sani, filtar mai an sani, amma filtar hancin mutum? Dabara ce ta masu ƙera motoci, yau su ce canja wannan, gobe su ce canja wancan. Kakanninmu da suka yi tuƙi, wa ya tace musu iska?

Duk da haka aka sa bakanike ya zaro ta don a gani. Kai! Abin ba kyan gani. Ta yi baƙi ƙirin, ga busassun ganye, ga fiffiken ƙwari, har da gashin tsuntsu. Mai hankali da ya ga wannan sai ya jefar. Amma majalisa ba ta aiki da gaggawa irin ta masu hankali. Mai Gilashi ya gyara gilashinsa ya ce, "Abin da ya yi datti ai wanka yake so. In rigarka ta yi datti jefarwa kake yi?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji bakanike.

Injiniya da kansa ya naɗe hannun riga, ya zuba garin sabulu a bokiti, ya dirje filtar nan da burushi, ya ɗauraye, ya shanya a kan bonet. Hadari ya taso kafin ta bushe, sai ya ce ai iskar fanka za ta ƙarasa aikin, ya mayar da ita da danshinta. Ya koma gida yana taƙama, ya ce wa Malama an gyara.

"An canja?"

"An yi abin da ya fi canjawa."

Cikin 'yan kwanaki motar ta ɗauki wani irin wari, kamar ɗakin da aka rufe da jiƙaƙƙun kaya a ciki. Fumfuna ta samu gida. Tarin Malama ya ninka, har idanunta na kawo ruwa. Ta sake cewa, "Don Allah, Malam, ka canja abin nan." Ta faɗa da safe, ta faɗa a hanya, ta faɗa da lallashi, ta faɗa da "Injiniya". Shi kuwa yana jin tausayinta har cikin ransa, wallahi yana ji, shi ya sa ya garzaya majalisa neman magani.

Dogo ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya ce shi tun farko ya ga matsalar, ya dai yi kawaici ne: motar ta yi ƙasa da yawa, hancinta na daidai da salansar motocin gaba, duk hayaƙin titi ita ke kwashewa. A sa mata manyan tayoyi ta ɗaga, ta shaƙi iskar sama. An ce akwai lambar tayar da ta dace a rubuce a jikin ƙofa, Dogo ya ce wannan lambar ta matsorata ce.

Aka sa manyan tayoyi. Motar ta ɗaga kam, sai dai duk kwanar da aka sha sai taya ta gogi jiki ta yi gurrr, Malama kuma shiga motar ya koma mata kamar hawan katanga. Don a cika alheri, Injiniya ya rataya turaren mota har biyu a madubi. Wari bai tafi ba, ya dai samu abokin zama.

Wata rana da azahar, suna cikin cunkoso za su duba yayar Malama, numfashinta ya sarƙe. Ta shaƙi maganinta, bai yi ba. Ta damƙi hannun rigarsa tana nuna ramukan esi, bakinta na motsi ba murya. Injiniya ya ruɗe, ya ga tana nuna wurin iska, sai ya ce a ransa iska take so. Ya murɗa fankar har ƙarshe.

Allah ya sa asibitin da Auta ke aiki ba nisa. Ya kai Malama can, aka karɓe ta a guje. Ya zauna a baranda yana kallon hannuwansa, bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da aka sallame ta, Auta ta ce, "Baba, Umma za ta ɗan huta a wurina." Ba ta ɗaga murya ba, amma ba shawara take nema ba.

Hutun nan ya yi ta tsawo. Gida ya yi masa faɗi. Ya dafa shayi ya manta shi a kan tebur, ya kunna rediyo don dai ya ji muryar mutum. In ya je gidan Auta, Malama ta karɓe shi da mutunci, ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi ko yana cin abinci. Da ya ce, "To, mu tafi gida mana," sai ta kalli motar ta taga ta ce tukuna. Ba ta ƙara ambaton filta ba, ta gama faɗa. Shi kuma canjawa yanzu na nufin ya je gaban majalisa ya ce wankin da ya yi da hannunsa shirme ne. Ina! Ya dai yi ta juya abin a ransa yana fasawa.

Sai ga Mai Gilashi wata safiya ya iso gareji da sauri, waya a hannu. Ashe shi ma ya wanke tasa, motarsa ta fara wari. Ya ce, "Jama'a, ku zo ku gani! Ashe filtar nan takarda ce, ba a wankewa. In ta jiƙe fumfuna take yi, ta kama ƙirjin mutum."

Dogo ya ce shi dama tun ranar bai natsu da wankin nan ba. Bakanike ya ce haka ne, ransu ya daɗe, ya miƙa hannu kan kantar gareji ya ɗauko sabuwar filta fara tas, wadda ke ajiye a wurin tun ba yau ba. Kafin shayin Injiniya ya huce an gama sa ta a motarsa. Aka fesa magani a ramukan iska, aka cire turarukan. Ya kunna esi, ya ja numfashi, babu wari ko kaɗan.

Murna ta kama shi kamar yaro. Ya biya gida ya yi wanka, ya sa rigar da Malama ta fi so, ya goge kujerar gefe da tsumma. Duk hanya yana shirya abin da zai ce. Ya tsaya a ƙofar gidan Auta, ya bar motar a kunne, ya buɗe ƙofar gefe ya riƙe, ya aika a kira ta.

Malama ta fito a hankali, Auta na bayanta.

"Malama, an canja! Sabuwa dal. Zo ki shaƙa ki ji."

Ta matso, ta sunkuya, ta ja iskar. Ta sake ja. Fuskarta ta saki, har ta ɗora hannu a kan ƙofar. Zuciyar Injiniya ta yi fari. Sai ta ɗago ta dube shi.

"Me ya sa ka canja, Malam?"

Auta na bayan uwarta tana yi masa ido, tana nuna ta da haɓa. Amsar a fili take, ko makaho ya laluba zai same ta. Amma Injiniya ya buɗe ƙirji, don yana son ta san aikin nan ba da ka aka yi shi ba.

"Ai Mai Gilashi ne ya gano a waya. Ashe takarda ce, ba a wankewa. Dogo ma ya amince."

Auta ta rufe ido. Malama ta janye hannunta daga ƙofar.

"Mai Gilashi," in ji ta.

"Shi fa. Mutumin akwai bincike."

"Allah ya ƙara masa basira. Ni na faɗa da bakina, ƙirjina ya faɗa, gadon asibiti ya faɗa, duk ba mu kai wayar Mai Gilashi ba."

"Haba Malama, ai dai an canja, ba shi ke nan ba?"

"An canja filta, Injiniya. Ga kujera nan ka goge ta yi kyau, je ka ɗauko shi ku sha iska."

Ta juya ta shiga gida, ba sauri, tana dafa bango saboda gwiwa. Sai a lokacin maganar da ya kamata ya faɗa ta zo masa baki, 'yar gajeriya ce ma, amma labule ya riga ya koma wurinsa. Ya tsaya riƙe da ƙofar mota, sanyi mai tsabta na fitowa yana bugun kujerar da ba kowa. 

Auta ta zo ta zare ƙofar daga hannunsa, ta rufe a hankali.

"Baba, ka gaida gida," in ji ta.

Ya ce to, alhali ya san babu wanda zai gaisar a can.