Lambar Mai Buroshi

Mai Buroshi ya yi shekaru yana rubuta allunan shaguna, kafin ya sayar da tsaninsa da gwangwanayen fenti, ya sayi kwamfuta, ya koyi tsara fuskar manhajar waya. Wani kamfanin kai iskar gas gida-gida ya ɗauke shi gwaji na wata guda.

"Maigida," in ji matarsa, "in suka kore ka, kan me za ka hau? Tsanin ma babu."

Maganar ta tsaya masa a rai, sai ya zage damtse. Sai dai hannunsa bai bar halinsa na da ba. Ya zana ɗawisu a shafin farko, don a ganinsa allo babu tsuntsu tsirara yake. A ƙasan kowane shafi kuma, kamar yadda ya saba a bangon mutane, ya rubuta lambar wayarsa da ƙananan baƙaƙe. Kowa a ofis ya tsaya kallon ɗawisu, babu wanda ya duba ƙasa.

Ranar da aka saki manhajar, wayarsa ta haukace. Yana cin abinci, kira. Yana banɗaki, kira.

"Ɗan nan," in ji wata tsohuwa, "ina maɓallin komawa baya?"

"Yana ƙarƙashin jelar ɗawisu, Baba."

"To me ya kai shi can?"

Kunya ta kama shi, ya fige jelar. Wani mai kira ya ce babban yatsansa maɓalli biyu yake dannawa lokaci ɗaya, Mai Buroshi ya raba su. Kafin mako ya ƙare ɗawisun nan ya koma ɗan tsako a lungu.

Ƙarshen wata shugabar kamfanin ta kira shi ofishinta. Ya shiga yana tunanin wa zai ara masa tsani.

"Lambar wa ce wannan?"

"Tawa ce, ranki ya daɗe. Hannu ne ya zarce."

"Goge ta yanzun nan, ka sa ta kamfani."

Ya goge, ya tsaya jiran sallama.

"Me kake jira? Koma bakin aikinka. Ƙorafi ya ragu, ka zauna."

Ya fito har da ɗan tsalle, yana murna kunnensa zai huta. Da ya isa teburinsa sai ya tarar an ajiye masa wayar kamfanin kusa da kwamfuta, tana ta ruri.