Awo na Shida

Wani dare bayan sallar lisha, Malam Tahiru magini ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba a gidansa. Tun! Kamar ɗigon ruwa ya faɗa cikin tulun da ba kome. Ya kasa kunne. Aka jima, tun! Ya ɗauka kwaɗo ne, amma ina kwaɗo zai fito a Gure cikin bazara?

Da safe autarsa Rahinatu ta fito da ido ja, ya tambaye ta.

"Ordinatar ce, Baba," ta ce. "Haka take yi in ta ƙi abu."

Rahinatu ta yi shekara uku a Damagaram tana koyon zanen gini da ordinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, kuma wannan ne aikinta na fari. Maƙwabcinsu Alhaji Aisami mai kanwa ya gina ɗakin ajiya a kan fili karkatacce, yana son rufin ƙarfe da kwanon tol. Ita za ta zana, mai walda ya yanka ƙarfe bisa zanen. Awo kuwa ba a ma yi shawara ba. Shekara arba'in Tahiru na gini, wa zai auna in ba shi ba? Ya kawo mata lambobi shida a bayan takardar siminti: bango huɗu, da tsakiya biyu daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Zo ka gani," ta ce, ta juyo masa da ordinatar. "In na sa awo biyar, ta yarda. Ina sa na shida, sai layi ya yi ja, ta rubuta wai aikin bai yiwu ba. Shi ke nan. Ba ta faɗin dalili."

"To na shidan ne ba ta so."

"Haka na zata. Sai na fara da shi, ta karɓa lafiya lau, ta koma ta ƙi bangon gabas. Na sake jeri, ta ƙi na arewa. Kowane lokaci wani take nunawa."

Tahiru ya duƙa ya kafa wa gilashin ido yana gyaɗa kai. Haske ya gani, da wani abu ja-ja kamar an zuba barkono a nono.

Shekara biyu ke nan lambobin metir, igiyar awo, sun daina tsaya masa. In ya ja metir, sai ya ga rawayar igiya da tururuwa suna bi a kai. Bai gaya wa kowa ba, don maginin da ba ya gani, gaisuwa kawai ake kai masa. Ɗakin Aisami da taki ya auna shi, da kamun hannu, ya juya lissafin a ka zuwa metir, sannan ya ƙara wa kowace lamba ƴan santimetir don ta yi kama da abin da aka karanta. Da laka da bulo hakan na wucewa, gini yana yafe wa mutum. Bai san akwai abin da ke zama cikin akwati yana haɗa lambobi shida ya ga ko ƴan uwan juna ne ba.

"Ƙila zafi ne ya dame ta," ya ce.

Rahinatu ta ɗora ta kan bulo biyu, ta sa mata fanka. Tun!

Kwana uku ana haka. Ta kira wata abokiyar karatunta, aka ce ta share manhajar ta sake sawa. Ta yi, ya ci mata wuni, kuran na lantarki ya ɗauke sau biyu. Ta buɗe wani tsohon zanen da ta yi a lakkol lokacin karatu, ya yi daidai, ta dawo kan na Aisami, ya ƙi. Sau ɗaya bai fito daga bakinta ba cewa a sake duba takardar simintin. Wannan shi ya fi cin Tahiru. Ya riƙa zama a zaure yana tunanin ko ordinatar ta san shi ne, tana dai jin kunyar faɗa gaban ƴarsa, shi ya sa take nuna wannan bango yau, wancan gobe.

Rana ta uku ya same ta zaune ba ta taɓa tuwo ba.

"Baba, ni ce ban iya ba," ta ce. "Kun yi ta wahala da ni a banza."

Gaskiyar awon ta zo masa har baki. Ya buɗe, sai ya ji kansa yana cewa, "Ci abinci, auta."

Kashegari da hantsi ta fito da gudu ba takalmi.

"Ya yi! Na bar na shidan gaba ɗaya, biyar sun isa. Duba rufin, Baba! Gobe mai walda zai fara yanka."

Ta juya zanen yana wulwulawa, tana dariya. Tahiru ya tsura wa zanen ido. Dā abin na ƙi, ƙin na tsare su. Yanzu za a yanka ƙarfen da aka ɗauko tun daga Damagaram, a ɗaga shi gaban jama'a, ya ƙi zama kan bango. Kuma ba za a ce Tahiru ba. Za a ce ƴar Tahiru da akwatinta.

"Ɗauko metir," ya ce. "Mu je mu sake aunawa."

"Ai ka auna, Baba."

"Ɗauko dai."

Suka tarar da Aisami a bakin ɗakin yana sa a jera buhunan kanwa.

"A'a, sarkin magina da injiniya!" ya ce. "Yau ni aka zo aunawa? In tumbi ne, metir ɗaya ba zai kai ba."

"Riƙe nan, Alhaji, ka daina surutu."

Aisami ya danne bakin metir a kusurwar gabas. Tahiru ya ja da baya-baya har kusurwar yamma, ya durƙusa, ya sa babban yatsa a wurin. A hanya ya shirya abin da zai ce: auta, zo ki karanta, idona ya gaji. Kalmomi kaɗan ne. Amma ga masu ɗaukar buhu sun tsaya suna kallo.

Ya kawo fuskarsa kusa da metir. Ya ja ta baya. Ya karkata kai wajen rana, ya goge wurin da bakin rigarsa, ya sake kusantowa har hancinsa na neman taɓa ƙarfen.

Rahinatu na tsaye a bayansa da takardar siminti a hannu. Daga inda take tana ganin lambar sarai, tana ganin wadda ke takardar, tazararsu ta fi kamu ɗaya. Ta kalli ƙeyar ubanta, inda furfura ta jiƙe da zufa. Ta naɗe takardar a hankali, ta matse ta cikin tafinta.

"Kai, gwiwata ta fara magana," Aisami ya ce daga can. "Malam Tahiru, nawa ya ba da?"