Ƙahon Octave a Ɗakin Jinya

A unguwar Treme ta birnin New Orleans na ƙasar Amurka, duk wanda ya san rawa ya san ƙahon Octave Marchand. In ya ɗaga ƙahon tagullar nan ya busa a bakin kogi, mutanen ƙetaren kogin kan ajiye cokali su ce, "Ga Octave can ya fara." Biki shi ne, rakiyar gawa shi ne. Matarsa Eulalie, mai ɗinki, takan ce ita kam tunda aka ɗaura musu aure ba ta ƙara jin ƙararrawar coci sosai ba, kunnenta na hagu ya riga ya tafi sadaka.

Wata shekara da zafi ya yi zafi, zazzaɓi ya kayar da Eulalie. Likita ya zo, ya taɓa goshinta, ya ce a rufe tagogi kuma kada a ji ko motsin kirki a gidan. Yayarta Celestine ta tattaro kayanta ta dawo jinya, ta tare Octave a bakin ƙofa.

"Ka dai ji abin da likita ya ce. Na ji ko fit daga ƙarfen nan naka, a tukunyar wake zan dafa shi."

"Haba Yaya, leɓena zai mutu fa."

"Ya mutu mana! Ƙanwata dai ta tashi."

Gidan ya yi tsit. Eulalie na kwance cikin gidan sauro, hasken rana na shigowa siri-siri ta tsagar taga. Sai ta ga kamar kogi ya malalo cikin ɗakin a hankali, ya ɗaga gadonta kamar kwalekwale. Yadudduka da ta taɓa ɗinkawa suna yawo a kan ruwan, fararen rigunan amare, baƙaƙen rigunan makoki. A can ɗaya gaɓar ga mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa tana shanya wanki, ba ta kira ta ba, ba ta kuma kore ta ba. Gadon yana ta matsawa wajenta. Ba zafin jiki ne ya tsorata Eulalie ba, shirun ne. Ba tsuntsu, ba kukan jirgi, ko ruwan ba ya ƙara.

Ran nan da rana tsaka, Celestine ta tafi kasuwa sayen kuɓewa da jatan lande. Eulalie ta buɗe ido ta ga mijinta a kan kujera, ƙato da shi, ya haɗa hannuwa kamar mai jiran hukunci.

"Maigida," ta ce, muryarta da ƙyar take fita, "shirun nan zai tafi da ni. Busa mini wani abu."

"Yayarki za ta kashe ni."

"To busa yadda ba za ta ji ba."

Octave bai taɓa busa a hankali ba tunda yake. Ya ɗauko ƙahon, ya waiga hagu da dama, ya ga hularsa ta zuwa coci a rataye. Ya kife ta a bakin ƙahon, ya riƙe da hannun hagu, ya hura iska kaɗan.

Abin da ya fito bai yi kama da ƙahon Octave ba. Kamar mace ce ke rera waƙa a bayan ƙofa tana tsince shinkafa. In ya ɗan janye hular sai muryar ta buɗe baki, in ya mayar sai ta haɗiye maganar. Eulalie ta lumshe ido. Kogin yana nan, amma yanzu ana jin motsinsa, kuma gadon ya daina tafiya. Mahaifiyarta ta ɗauki kwandon wankinta ta hau tudu.

Kullum Celestine ta fita sai ya busa. Wata rana ta dawo da wuri, ta tsaya a bakin ƙofa da kwando a hannu. Octave ya sauke ƙahon, ya fara in-ina.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Celestine, tana share ido da gefen mayafi. "Ashe dama kana da hankali, ka ɓoye mana."

Zazzaɓin ya sauka. Eulalie ta fara shan romo, ta fara faɗa, har ta nemi a miƙo mata allura.

Lahadin da ta fara fita, a bakin tafki aka yi wasa. An zaunar da ita a inuwa, an lulluɓe mata ƙafa. Makaɗa suka ɗauki kiɗa, jama'a na jiran Octave ya tsaga sama kamar yadda ya saba, sai suka ga ya cire hula ya rufe bakin ƙaho. Cornelius mai ganga ya kwashe da dariya.

"Kai Octave, ƙahon naka mura yake yi? A kawo masa shayi!"

Octave ya fara busa a hankali. Masu rawa suka tsaya cirko-cirko, can sai suka fara matsowa don su ji. Cornelius ya sassauta sandunansa. Mata suka kwantar da kai a kafaɗar mazansu, ana juyawa a hankali kamar kowa cikin barci yake tafiya. Samari masu koyon busa suka kewaye dandamalin, ido a kan hannun hagun Octave.

Kafin shekara ta zagayo, da wuya ka ga mabushi a birnin da ba ya neman wannan muryar, wani da hula, wani da kofi, wani da tafin hannu. Waɗanda suka hau jirgin ƙasa zuwa Chicago suka tafi da ita, daga can aka aiko a zo da mai abin a ɗauki busarsa a faifai. Octave ya ce ba inda za shi ba tare da matarsa ba. Eulalie ta ɗinka musu manyan riguna masu kauri, Celestine ta cika musu kwando da soyayyar kaza, suka kama hanyar arewa, Eulalie tana ta yi masa mitar sanyi tun jirgin bai fita daga gari ba.