Eriyar da Ba Ta Wuce Ƙofa

Tun da Baba ya sayi motar nan yana saurayi, ko ƙusa bai taɓa yarda an kafa a jikinta ba. Tsohuwar mota ce mai dogon hanci, ruwan madara, wadda in ta biyo layi yara kan bar wasa su bi ta da kallo. Ba ta da rediyo, kuma Baba ya ce ba ta bukata, kukan injinta ya ishe shi hira. Duk mai son ganin ɓacin ransa, to ya jingina da ita.

Sai ga Auta, ƙaramar 'yarsa, ta shigo da kwali a hannu. Baba ya tsuke fuska, don tun ranar da ya goga motar da ginshiƙin ƙofa yake jiran a zo masa da zancen ajiye tuƙi. Ashe rediyo ce a kwalin.

"Baba, in ka ɗauki hanya kai kaɗai, ka samu abokin hira," in ji ta. "Eriya kawai za a sa, rami ɗaya ɗan ƙarami."

Kalmar hanya ɗin nan ita ta kashe masa jiki. Wato har yanzu 'yarsa na ganinsa direba! Mutumin da ya shekara da shekaru yana hana a taɓa motar, sai ga shi da bakinsa yana cewa, "To, a kira Mai Batir. In ba shi ba, ba wanda zai huda ta."

Mai Batir ne mai gyaran wayoyin mota na bakin titi, abokin Baba tun ba su da furfura. Mutum ne mai awon tsiya, ko labule zai rataya sai ya ciro tef. Shi kaɗai kuma a duniya ya san sirrin Baba. Wata rana suna zaune a shagon, Baba ya rage murya ya ce masa idon hagu ya fara yana, abin da ke gefe sai ya zo daf yake ganinsa.

"Ka riƙe mini a cikinka. In yara suka ji, sun raba ni da sitiyari."

"Haba mutumina, ni da kai?" in ji Mai Batir.

Ya zo da hantsi da jakar kayan aikinsa. Ya zagaya motar, ya auna, ya sake aunawa, ya manna takarda a kan madigadin dama, ƙarfen saman tayar gaba, don kada fenti ya tsage, ya ɗiga alama da fensir. Da injin hudawa ya fara kuka, Baba ya juya baya kamar wanda ake cire wa haƙori.

"Kai, tsoho da raki! An gama."

Ya shafa wa bakin ramin mai saboda tsatsa, ya zaunar da roba, ya ɗaure gindin eriyar tam. Doguwa ce sambal, ƙarfe ɗaya, tana ƙyalli har kusa da rufin gareji. Sannan ya ɗaga bonet.

"Saura in ja waya zuwa batir. Je ka haɗo mana shayi, ka wani tsaya mini a ka kamar mai gadi."

Baba ya tafi yana dariya. Kafin ya dawo, kiɗa na tashi a cikin motar, tas, ba ko shashsheƙa. Auta ta yi tafi. Mai Batir dai ko rabin shayin bai sha ba, ya ce ana jiransa a shago.

Washegari Baba ya yi wanka, ya sa hularsa ta fita, zai je shagon ya yi godiya da kiɗa a mota. Ya buɗe ƙofar gareji, ya zauna, ya murɗa rediyo, ta kama. Sai da ya lalubo makulli a aljihu ya ankara: makulli na hannunsa, rediyo na ta magana. Wace irin haɗawa ce wannan? Ya sa makullin ya murɗa. Shiru. Ya sake. Ko tari motar ba ta yi ba, motar da ba ta taɓa ba shi kunya da safe ba.

Ya fito zai ɗaga bonet, idonsa mai kyau ya sauka a kan eriyar. Ya bi ta da kallo har ƙarshenta, ya dubi ƙarfen saman ƙofa. Ta fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Ba ta lanƙwasa, ba ta shigewa ciki. Ko da injin ya tashi, motar nan ba ta fita sai eriyar ta karye. Kuma Mai Batir ne ya sa ta, mutumin da ba ya rataya labule sai ya auna!

Baba ya dafa motar. Wallahi da Auta ce kaɗai, da ya yi faɗa ya huce, 'ya ce, tsoro take ji. Amma wa ya gaya mata maganar idonsa? Abin da ke cin ransa ke nan.

Bai aika a kira kowa ba. Yana nan tsaye sai ga Mai Batir ya leƙo, wai ya zo jin yadda rediyo ke kamawa.

"Tana kamawa," in ji Baba. "Ka auna ƙofar nan?"

Mai Batir ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Ka auna?"

"Na auna. Doguwar ta fi kamawa a cikin gini."

"A cikin gini," Baba ya maimaita. "Me ka cire a injin?"

Mai Batir ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan ƙarfe a ƙunshe cikin tsumma. "Mutumina, akwai yara a layin nan. Na kasa barci da maganar idonka, shi ya sa na gaya wa Auta. In ka taka ɗan wani fa?"

"Da ka faɗa mini a fuskata."

"Da ba ka ji ba."

"Da na zage ka, da na kore ka, gobe in zo in sha shayinka. Amma ka tura ni kicin kamar yaro, ina dafa maka shayi kana kashe mini mota. Ka ci amanata."

Mai Batir ya miƙo ƙunshin. Baba bai karɓa ba, don ya san ba zai sake mayar da ƙarfen cikin injin ba, gaskiyar maganar yaran layin nan ta riga ta shige shi. Sai ya ɗauko sifana daga kan benci, ya kwance eriyar a hankali. Muryar mai labarai ta dusashe, ta koma shuuu. Ya ɗora wa abokinsa eriyar a hannu.

"Haɗa da wannan ka tafi."

"Bari in toshe maka ramin, ruwa zai..."

"Bar shi. Da bakina na ce in ba kai ba, ba wanda zai huda ta."

Mai Batir ya fita da eriyar, sai da ya karkata ta kafin ta wuce ƙofa. Baba ya tsaya shi kaɗai a garejin, ya ɗora babban yatsansa a kan ramin ya rufe shi.